Darussa daga kula da matsin cikin kai ga yara masu jinya mai tsanani

Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Abu uku ne a ciki: ƙwaƙwalwa kusan kashi 80 cikin ɗari, jini kashi 10, ruwan ƙwaƙwalwa kashi 10. Idan ɗaya ya ƙaru, dole sauran su ragu. In wuri ya ƙare, matsi ya hau kenan. Jariri kan ɗan samu sauƙi saboda maɗigarsa ba ta rufe ba, amma wannan sauƙin yana ruɗar ma'aikaci. Shi ya sa ake taɓa maɗiga, ana auna zagayen kai kullum.

Babban darasin da wannan aiki ke koyarwa shi ne, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ake karewa. Ana cire matsin cikin kai daga matsakaicin ƙarfin jini, abin da ya rage shi ke tura jini ciki. Ƙa'idojin 2019 na yaran da suka ji mummunan rauni a kai sun ce a fara magani idan matsi ya wuce 20 mmHg (ma'aunin matsi) fiye da minti 5, kuma kada abin da ya rage ya sauka ƙasa da 40. Yaron da matsinsa 18 ne amma ƙarfin jininsa ya faɗi, yana cikin haɗari ko da allon na'ura bai yi ƙara ba.

Kafin a miƙa hannu ga magani, a duba gado. A ɗaga kai digiri 30, wuya a miƙe. Abin ɗaure wuya in ya matse, jini ba ya sauka daga kai. Zazzaɓi, jijjiga, raɗaɗi, har zuƙe majina ba tare da maganin kwantarwa ba, duk suna ɗaga matsi. Iskar kabon a jini ta zauna tsakanin 35 da 40 mmHg. Saurin na'urar numfashi yana rage iskar kabon, ya sauke matsi nan take, amma ta hanyar matse jijiyoyin jini yake yin haka, don haka ba a sauke iskar kabon ƙasa da 30 sai an ga ƙwaƙwalwa na neman zamewa.

Bututun da ke fitar da ruwan ƙwaƙwalwa shi ne inda aka fi yin kuskure. Ana daidaita sifilinsa da bakin ramin kunne. Aka ɗaga gado ba a sake daidaitawa ba, ruwa zai zuba fiye da kima, lambar matsin da ake karantawa ma ƙarya ce. A rufe shi kafin a motsa yaro, kuma kada a manta a buɗe.

Ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 3, mililita 2 zuwa 5 kowane kilo cikin minti 10 zuwa 20, shi ake fara bayarwa. Maganin manitol ma yana sauke matsi, sai dai yana jawo fitsari da yawa, ƙarfin jini ya faɗi. Ba a ba irin wannan yaro ƙarin ruwa mai ƙarancin gishiri. Maganin sitiroyid ba ya taimaka wa raunin kai, amfaninsa yana ga kumburin da ke kewaye da ƙari, wato tsiro a ƙwaƙwalwa.

Hawan jini da raguwar bugun zuciya da numfashi marar tsari alamu ne na makara. Yawan barci, amai, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa sukan riga su zuwa. Yaron da ke da waɗannan alamu ba a ɗebar masa ruwa ta ƙashin baya.