Hular da ta ci min wata bakwai

Har yau in na buɗe akwatin nan sai raina ya sosu. Sojojin roba ne 144, masu tsawon milimita 28, na wasan yaƙi a tebur, na yi wata bakwai ina bin kowanne da buroshin fenti har maɓallin riga. Bataliya huɗu, 36 a kowace, ɗaya yana tsaye a madadin mutum ashirin. Burina in kafa wani ɓangare na rundunar Janar Friant ta Faransa yadda ta tsaya a yaƙin Austerlitz, inda Faransa ta kara da Rasha da Ostiriya, ranar 2 ga Disamba 1805, mutanen da suka tako daga wajen Viyana, fiye da kilomita 100 a kwana biyu, suka faɗa wuta a ƙauyukan Telnitz da Sokolnitz da gajiyarsu.

Ranar da na jera su a tebur ina ta washe baki, abokin wasana ya ɗauki guda, ya jujjuya shi, ya ce, "Malam, waɗannan ai 'yan 1808 ne. Me suke nema a 1805?"

Na so in musa, amma bakina ya mutu. Kowace bataliya na kasa ta kamfani shida: huɗu na gama-garin sojoji, ɗaya na zaratan giranadiya masu jan tunku a kafaɗa, ɗaya na boltija, 'yan gaba-dai masu harbin sari-ka-noƙe. Tsari ne na gaskiya, sai dai dokar Napoleon ta 18 ga Fabrairu 1808 ce ta kawo shi. A Austerlitz kamfani tara ne. Su boltijan ma sabon shiga ne, a Satumban 1805 aka ba da umarnin kafa su a bataliyoyin layi, wato na sojojin ƙasa masu yaƙi a sahu. Kada ka ce ƙaramin abu ne. A tsarin shida zaratan sun kai 12 cikin 36, a tsarin tara kuwa takwas ne kacal. Ashe na cusa wa kowace bataliya gwanaye huɗu da ba ta da su, kuma a tebur wannan yana sauya yadda harbi ke kaya.

Wannan duk da sauƙi, a ɓamɓare su daga gindi a sake manna su. Mikiyar da ke kan sandar tuta ma haka: na ba kowace rajimanti mai bataliya biyu guda, alhali a 1805 kowace bataliya na da tata. Sai a ƙara biyu.

Hular ce ta kashe ni. Duk na saye su da doguwar hular da ake kira shako a ka, saboda ita ido ya saba gani a zane-zane. Sojan layi na 1805 kuwa malfa mai kusurwa biyu yake sakawa, shako sai daga 1806 ta fara shigowa, ita ma a hankali. Na nemi mafita in ce ai na rajimanti ta 15 ta sojoji masu sauƙin kaya ne, tunda suna cikin rundunar kuma su sun riga sun samu shako. Ina! Su shuɗi ne har wando, nawa kuwa farin wando da farin ƙirjin riga, fentin da ya fi ba ni wuya, shafi uku kafin ya zauna.

Na ɗauki reza na fara fille kawuna. Bataliya ɗaya ta ci min mako uku, gam ya ɓata kwalar wasu, na yanke babban yatsa sau biyu. Abin haushin, da na rubuta shekarar a takarda na manna a gabana kafin in sayi ko akwati ɗaya, da minti goma na bincike ya ishe ni. Sunan janar da lambar rajimanti na bi, na manta soja yana sauya kaya da tsari alhali sunansa na nan.

Sauran ukun na ƙyale su da hulunansu na tura su gaba, tunda Friant ya sake jan rundunarsa a ƙarƙashin babban kwamandansa Davout a yaƙin Wagram, Yulin 1809, inda kamfani shida da shako suke daidai. Na kira abokina da murna na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya tuna min cewa shi Rashawa ya yi shekara yana fentawa domin wasanmu, kuma a 1809 Rasha ƙawar Faransa ce.