Masu Kare Haƙƙin Dabbobi: Daga Ina Sunan Ya Fito?

A makon jiya, a kan hanyar Tudun Wada, na ga wani matashi ya ɗaure kaji wajen ashirin ta ƙafa a bayan babur, kawunansu na reto dab da salansa mai zafi. Wani dattijo da ke alwala a bakin shago ya ɗaga kai ya ce, "Yaro, ka ji tsoron alhakin bayin Allahn nan." Matashin ya yi dariya ya ce, "Baba, ko kai ma ka shiga masu kare haƙƙin dabbobi ne?" Shi dai a wurinsa sunan na Turawa ne, waɗanda suka ƙoshi har suka rasa abin yi.

Ta wani ɓangare yana da gaskiya, domin ni ma a labaran rediyo na fara jin wannan suna, kuma tafiyar da yake nufi a Ingila ta soma. A 1822 majalisar Birtaniya ta yi dokar hana azabtar da shanu da dawaki bisa ƙoƙarin ɗan majalisa Richard Martin, sannan a 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan. Waɗannan na farko ba su hana yanka ba, azaba kawai suka hana. Sai a shekarun 1970 ne ra'ayin masana irin su Richard Ryder da Peter Singer ya yaɗu, cewa fifita ɗan Adam don kawai jinsinsa wariya ce, har masu tsananin ra'ayi suka ƙaurace wa nama da madara da fata baki ɗaya.

Kalmomin da muka ɗora wa wannan tafiya kuwa sun daɗe a bakinmu. "Dabba" Larabci ce, ma'anarta duk abin da ke tafiya a doron ƙasa. "Haƙƙi" ma daga Larabci take, kuma tushensu ɗaya da "alhaki", wadda ta shigo Hausa tare da "al" ɗinta. Nan ne maganar ta fi jan hankalina, domin Bahaushe bai ɗauki haƙƙi a matsayin abin da ake nema a kotu kaɗai ba. Bashi ne da yake hawa wuyan wanda ya danne shi, shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Ita kanta "kare" ta cikin sunan, karin sauti da tsawon wasali ne kawai suka raba ta da kare mai haushi, abin da yakan ba yara dariya.

A ganina, suna ɗaya ne yake ɗauke da ma'ana biyu. Mai fafutuka a Landan yana iya nufin kada a yanka kazar sam, shi kuwa dattijon Tudun Wada ba zai ƙi farfesunta ba, muddin an ba ta ruwa, an ɗauko ta a cikin keji, an wasa wuƙa kafin a kwantar da ita. Bai ma tanka wa matashin ba. Ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya ɗauki butarsa ya shiga sahu.