Hoton ya fito ne ko dai shafe shi aka yi?

Duk wanda ya taɓa zuba kuɗi ya haɗa ɗakin kallo a gidansa, ƙatuwar tibi da sifiku biyar da babban nan mai girgiza ƙasa, ya san daga ranar ya daina kallon fim kamar sauran mutane. Iyali suna bin labari, kai kuwa kana can ka ƙura wa bangon bayan jarumi ido kana duba ko baƙin ya yi baƙi sosai ko ya koma toka-toka. Hausawan da wannan ciwo ya kama a nan Legas ba mu da yawa amma muna nan, akwai 'yan canji, akwai masu harkar waya a Computer Village, akwai yara masu gyaran tibi a Alaba, kuma duk daren da aka haɗu a majalisa a Agege bayan isha'i musun bai wuce guda ɗaya ba, wane kwafin fim ne ya fi fitowa.

Mun rabu gida biyu. Akwai ɓangaren wani Alhaji, dattijonmu ne kuma tibinsa ta fi ta kowa girma, shi a wajensa hoto mai kyau shi ne wanda ya fito fes, sumul, babu ɗigo ko ɗaya. Sai namu ɓangaren, mu masu cewa a bar mana yashi-yashin nan da ke motsi a jikin tsofaffin fina-finai. In na faɗi haka sai ya ce "kai yaro, na sayi tibi na miliyoyi don in kalli tsaki?" Ni kuma in ce Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, ai tsakin nan shi ne hoton.

Ba zolaya ba ce, haka abin yake. Fina-finan da, har ma wasu na yanzu, a kan zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke su, kuma jikin zaren nan wasu ƙananan ƙwayoyin sinadari ne da haske ke taɓawa su canza, su ne suke haɗuwa su ba da fuska da riga da bishiya. To in ka sa kwamfuta ta goge ƙwayoyin, abin da suke kira DNR, ba ta san bambancin yashi da ramukan fatar mutum ba, ba ta san zaren riga ba, ba ta san gashin gira ba, duk sai ta haɗa ta kwashe. Kamar dai masu ɗaukar hoton bikin nan ne da za su yi ta gyara fuskar amarya har uwar da ta haife ta ta kasa gane ta a kalanda.

Misalin da kowa a harkar nan ya sani shi ne Predator, fim ɗin Schwarzenegger na 1987. Faifansa na farko na Blu-ray, wato faifan da ya fi DVD kaifin hoto, ya fito a 2008 cike da yashi, don dama a daji aka ɗauki fim ɗin, wurare da yawa haske bai wadata ba. Mutane suka yi ta ƙorafi, sai kamfani ya sake fitar da wani a 2010 wanda aka wanke tas, fuskokin sojojin nan da ke cikin zufa da laka suka koma sheƙi kamar an ƙera su da kakin zuma, wata jar riga da jarumin ya sa a farkon fim ma sai ka rantse fenti aka zuba masa a jiki. Wannan na 2010 ɗin shi Alhaji yake da shi kuma har gobe yana alfahari da shi. Da aka zo fitar da na 4K, wanda ya fi Blu-ray ɗin kaifi, a 2018 sai aka koma kan zaren aka dawo da yashin, wanda ni a ganina ya isa amsa, amma shi cewa ya yi Turawan ne suka yi ƙiwa ba su ƙarasa aikin ba.

Na Gladiator ma ya fi ban dariya. A faifan 2009 an ƙara wa gefen abubuwa kaifi har wani farin layi ya riƙa zagaye kawunan mutane, sannan na'urar da aka sa ta goge ƙarce-ƙarcen zare ta ɗauka wasu kibau da ke tashi a yaƙin farko datti ne, ta cinye sassansu. Surutu ya yi yawa har a 2010 aka sake aikin daga tushe aka fitar da sabo.

Amma gaskiya ba na ganin laifin Alhaji sosai, don na san inda ƙiyayyarsa da ɗigo ta samo asali. Mu da me muka tashi? Kaset ɗin bidiyo da aka kwafa daga kwafi, sai eriya da in iska ta kaɗa hoto ya koma yayyafi, sai VCD mai fiksel 352 a 288 wanda in jarumi ya yi gudu fuskarsa ta farfashe gida-gida, sai faifan nan na fim ashirin a ɗaya da ake sayarwa a cikin cunkoson motoci. Duk rayuwarmu ɗigo a allo alamar lalacewa ce. To mutumin da ya sha wannan wahalar, ka kawo masa Blu-ray mai 1920 a 1080 ka ce ya yi murna da yashi, ai dole ya dube ka sheƙeƙe. Su ma kamfanonin ba don mugunta suke gogewa ba, masu saye irinsa ne suka fi yawa, ga shi kuma yashi yana cin wuri sosai wajen matse fim, tunda kowane hoto nasa daban ne, goge shi yana sauƙaƙa musu aiki.

Inda musun ya yi zafi har aka kusa ɓatawa shi ne 2024, da aka fitar da Aliens da True Lies na James Cameron a faifan 4K. An bi ta kansu da manhajar AI a kamfanin Park Road Post na ƙasar New Zealand, hoton ya yi kaifi ƙwarai, amma a wasu wuraren fata ta yi santsi, gashi ya zama kamar an zana shi da biro, mutanen da ke can baya kuma fuskokinsu suka ɗan canza kama. Nan Alhaji ya samu makami, ya ce to yanzu fa, mai fim da kansa ya sa hannu, kai wane ne? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amsata dai ita ce mai abu yana da ikon gyara kayansa yadda ya so, amma Aliens ɗin da mutane suka shiga silima suka gani a 1986 shi ma yana da haƙƙin a same shi, a fitar da biyun mana kowa ya ɗauki nasa. Abin da ke ba ni haushi shi ne sabon ya zo ya maye gurbin tsohon, shi ke nan yaron da zai kalla gobe ya ɗauka dama can haka aka yi shi.

Wani abin kuma da ba ma son faɗa, rabin masu musun nan ba faifai suke kallo ba. Faifan asali a Legas sai an yi oda ko wani ya taho da shi daga waje, ga dala yadda take, don haka yawanci abin da ke yawo a filashi ne, an rubuta 1080p ko 4K a jikin sunan amma nauyinsa giga ɗaya da rabi. Yi lissafi da kanka, fim na awa biyu a giga ɗaya da rabi bai kai megabit 2 a daƙiƙa ba, alhali Blu-ray yana iya kaiwa 40, faifansa na ɗaukar giga 25 ko 50, na 4K kuma 66 ko 100. Ko Netflix da ake biya, megabit 15 suke cewa ka tanada don 4K, shi ya sa in wuri ya yi duhu ko hayaƙi ya tashi sai ka ga launi ya rarrabu layi-layi. Wanda ya matse fim har haka ya riga ya kashe yashin da komai tun kafin ya iso gare ka, sai ka ji mutum yana rantsuwa a kan ingancin aikin kamfani alhali abin da ya gani ko kusa bai kai ba. Sannan ba kowane faifai mai tambarin 4K ne 4K na gaske ba, fina-finai da yawa a 2K, wato rabin faɗin 4K, aka kammala su aka buɗa daga baya, abin da ka ƙaru da shi a nan launi ne da hasken HDR, fasahar nan mai ƙara tazara tsakanin haske da duhu, in tibinka na da ƙarfin nuna su ke nan, don ƙananan nan masu araha HDR duhu kawai yake ƙara musu.

Tibin ma kanta magana ce. Yadda aka kunna ta a shago a Alaba, kala ta yi kururuwa don ta ja ido a cikin fitilu, haka mutane ke kai ta gida su bar ta shekara da shekaru. Ga kuma abin nan mai sa motsi ya yi santsi, LG na kiransa TruMotion, Sony na kiransa Motionflow, wanda ke ƙirƙiro hotunan ƙarya ya cusa tsakanin 24 ɗin da fim ke da su a daƙiƙa, sai fim ɗin miliyoyin daloli ya koma kamar bidiyon suna. Har Tom Cruise sai da ya fito a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi, a 2019 kuma aka ɓullo da Filmmaker Mode don a kashe tarkacen nan gaba ɗaya da maɓalli guda. Na taɓa sa wa Alhaji shi, bai yi minti biyar ba ya ce in mayar masa da kayansa, wai hoton ya yi ja kamar an shanya shi a harmatan. Masu jan hoto ya cika allo don ba sa son baƙin layin sama da ƙasa kuwa, su kam na sallama su.

Abin da ya fi tsaya min a rai namu ne na gida. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a kan zaren fim aka ɗauke shi, shi ya sa da aka gano zaren a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa aka iya gyara shi a Jamus har aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Amma fina-finan Kano na shekarun 1990 da farkon 2000, waɗanda muka tashi da su, a kan kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, abin da kyamarar ta kama ke nan, babu wani ɓoyayyen kaifi da za a tono. Yanzu kuma na fara ganin yara suna ɗaukar tsofaffin nan suna bi ta kansu da manhajar waya suna sakewa da tambarin HD, haƙora sun yi fari fat, idanu sun canza, jarumar da ka sani tun kana firamare ta koma wata daban. Na roƙi wani yaro mai tura fina-finai a Idi-Araba, na ce don Allah ƙanena in za ka yi gyaranka ka yi, amma ka ajiye na asalin a wani wuri kar ka goge, ya ce Yaya ai wuri yake ci kuma ba mai tambayarsa, sai na ce ya faɗi kuɗin hard disk ɗin da zai ajiye su a kai ni zan saya.