Ƙarfe biyun dare a Erangel

Jiya wajen ƙarfe biyun dare ina kwance cikin ciyawa a Erangel, wani tsibiri a wasan waya na PUBG Mobile, saura mu huɗu cikin mutum 100 da muka diro daga jirgi. Da'irar da ke rage filin wasa ta matse, harsashi ya kusa ƙare min, na kasa kunne ina jin takun wani a bayan dutse. Ina leƙowa zan harba sai intanet ya tsaya cak. Ko da hoto ya dawo, an riga an kashe ni, ga akwatina nan a ƙasa, wani na kwashe min kaya. Wallahi har na ɗaga wayar zan yi jifa da ita, sai na tuna ban gama biyan kuɗinta ba.

Tun 2018 nake buga PUBG Mobile, kuma ba harbin ne ya riƙe ni ba. Dabarar ce: inda za ka sauka, lokacin da za ka yi lamo, yadda ku huɗu za ku raba magani da harsashi ba gardama. Na sha ganin gwanin harbi ya mutu a garin Pochinki na Erangel cikin minti biyu saboda gaggawa.

Ƙanena kuwa ɗan Free Fire ne, wani wasan harbin irin wannan. Mutum 50, minti goma an tashi, ƙaramar waya ma tana ɗauka. Dariya yake min, wai Yaya rabin awa kana rarrafe kamar ƙadangare.

Abin da ke ci min rai shi ne masu maguɗi da ke harbi ta cikin bango, ga data na zuba kamar ruwa a kwando, ga waya ta yi zafi sai ka ce dutsen guga. Asuba kuwa yau sai da Umma ta buga ƙofa sau uku.