Harawa ta fi taki cin batir a hanyar Daura

Motar a-kori-kura ce mai aiki da lantarki, Ford F-150 Lightning, wadda yayana da ke zaune a Amurka ya turo mana bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da zirga-zirga tsakanin gidana na Katsina da gidanmu na Daura ta fara cinye ribar kiwo. Mai babban batir ce, kilowat-awa 131. A takarda tana yin kimanin kilomita 515 da caji ɗaya, kuma irinta na iya jan abin da ya kai tan huɗu da rabi. Daura kuwa kilomita 80 ne ko kusa da haka. Da na ga waɗannan alƙaluma sai hankalina ya kwanta, na sa mai walda ya haɗa mini ƙaramar tirela mai taya huɗu.

Jan farko taki ne, buhu 40, wato tan biyu cif, a farkon damina. Na shimfiɗa buhunan a kwance, ba su wuce tsayin bodin motar ba. Ban ji nauyin komai a ƙafata ba. Motar lantarki tana ba da ƙarfinta gaba ɗaya tun daga tashi, babu gurnanin inji, babu jiran giya, sai dai ka ga kana tafiya. Wannan daɗin ne ya kusa jawo mini matsala bayan Mashi, inda garken shanu ya shigo titi. Na taka birki, na ji tirelar tana turo ni daga baya, domin ita ba ta da nata birkin. Motar kanta ta kusa tan uku, ga tan biyu da ɗoriya a bayanta. Allah ya tsare, na tsaya da ɗan tazara. Tun ranar nake barin fili mai yawa a gabana, kuma daga baya na sa aka yi wa tirelar birki. A wannan tafiya batir ya ci kusan kashi 28 cikin ɗari, inda mota ita kaɗai kan ci ƙasa da 20. Na ce ai babu laifi.

Sai hunturu ya zo, aka gama girbin wake, na tashi kai wa ragunanmu harawa. Kowa ya san harawa ba ta da nauyi. Duk abin da muka ɗora bai kai rabin nauyin takin nan ba, amma mun tula ta sama, ta wuce rufin motar sosai, ta kuma bazu gefe da gefe. Daren ranar wuta ba ta zauna ba, don haka na tashi da kashi 75. Lissafina shi ne: kaya mara nauyi, zuwa da dawowa ba za su wuce kashi 50 ba.

Kawuna ne a gefena, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota. Ba mu yi nisa ba ya lura ina yawan kallon allo, inda adadin kilomitan da suka rage yake zubewa fiye da tafiyar da muke yi. Ya ce, "Ɗana, nawa kake gudu?" Na ce, "Ɗari, Kawu." Ya ce, "Sauko sittin. Ba kaya kake ja ba, iska kake turawa."

Gaskiyarsa. Daura tana gabas da Katsina, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, kusan gaba da gaba muke da ita, ga bango guda na harawa a bayanmu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, ita ninkuwa take sau huɗu. Nauyi yana cin wuta ne musamman wajen tashi da hawan tudu, kuma motar tana maido da wani abu cikin batir idan ka saki totur ko kana gangara. Abin da iska ta ci kuwa ya tafi ke nan. Motar mai ma haka take shan wahala da irin wannan kaya, sai dai ita akwai gidan mai a kowane gari, shi ya sa ba ma lura.

Na rage gudu, zubewar ta lafa, amma an riga an yi ɓarna. Mun shiga Daura da kashi 27.

A nan ne na gane inda lissafina ya karkace: na auna zuwa, ban auna dawowa da gaske ba, alhali cajata tana Katsina. Ita ma mai kilowat 7 ce, cika batir daga ƙasa yana neman awa 19 na wuta mara yankewa. A gidanmu na Daura sola ce ta fitila da fanka, ba za ta iya da wannan ba. Muka sauke harawa, na kwance tirelar na bar ta a ƙofar gida, muka kamo hanya bayan la'asar a kan sittin, iska tana bayanmu. Na isa gida da kashi 11. Sai bayan kwana biyu na koma na ɗauko tirelar.

Yanzu ba na ɗaura tirela sai batir ya haura kashi 90, ko da hakan na nufin ɗage tafiya da yini guda. Harawa kuma a buhu muke dannata, mu ɗaure da tamfol, kada ta wuce rufin mota, mu sa mafi nauyin kaya gaba da tayoyin tirelar don kada ta riƙa lilo. Sawu biyu nake yi maimakon ɗaya. Kano kuwa, mai nisan kusan kilomita 170, har yau ban kai tirela can da wannan mota ba. Idan kayan na can ne, motar haya nake ɗauka.