Na yi barci a ajin tarihi, iyakar Ƙonni ta tashe ni

Ƙannena, lokacin da nake lise a Tawa, awar tarihi ita ce awar barcina. Mushe na gaban allo yana zana taswira, ni ina bencin baya ina lissafin abin da zan ci a kasuwar Lahadi. Shekaru kawai nake haddacewa saboda jarrabawa, ina fitowa na zubar da su a bakin ƙofa.

A gida ma haka. Kakana, Allah ya jiƙansa, ba ya gajiya da labarin El Buhari. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta canza launin naira ta kuma rufe iyakokinta, ga damina ta ƙi a shekarar. Hatsin da ke shigowa daga kudu ya tsaya cak, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban da ya rufe hanyar. Sai 1986 aka buɗe. Tsohon yana da wani gwangwanin madara cike da tsofaffin naira da suka mutu a hannunsa. Yakan buɗe ya ce, "Jikana, duba. Wannan shanu biyu ne." Ni kuwa in ce a raina tsufa ne ke damunsa.

A 2019 na zuba jarina gaba ɗaya, har da bashin da na ci wurin kawuna, na sayi wake don in kai Illela, garin Najeriya da ke tsallaken iyakar Ƙonni. Wani abokin baba ya ce in raba, in sayar da rabi a gida. Na yi masa dariya, na ce wa zai rufe iyakar da uwa ke wannan gefe ɗiya ke wancan? A watan Agusta aka rufe ta, kuma mutumin nan na 1984 ne dai ke kan mulki. Na ce sati biyu ne. Aka yi wata goma sha shida. Ranar da na kwance buhun farko a mangaza na cusa hannu, ƙwari sun huda waken har ya koma gari, wari ya bugi hancina. Kunyar zuwa gaban kawu ta fi asarar ciwo.

Bayan haka ne na fara karatun da na ƙi yi da. A nan na gane layin da ya cinye mini jari ba daga sama ya sauko ba. A yarjejeniyar 1898 Turawan Ingila da Faransa suka ja baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin. Ba a tambayi Ba'adare ko Bagobiri ba. Abin da aka shata daga nesa, daga nesa ake iya kulle shi, zumuncinmu bai hana ba. Da na san wannan tun ina lise, da na saurari abokin baba.

Ba na ce tarihi duba ba ne, ba zai faɗa maka ranar ba. Amma da aka sake canza naira a ƙarshen 2022, sannan a 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa mana takunkumi bayan juyin mulkin Yuli, ban riƙe naira mai yawa ba, kuma kayana ba a hanya guda suke ba.

Ku da kuke da tsofaffi a gida, ku zauna da su bayan isha'i, ku kunna waya ku naɗi muryarsu. Ku tambaye su sunayen shekarun yunwa, me suka sayar da farko, me suka yi da-na-sanin sayarwa, wa ya tsira kuma ta yaya. Ku kai amsar wurin mushe ku gwada da abin da ke cikin littafi. Ni ban naɗi komai ba. Gwangwanin kawai ya rage mini, yana nan a kan kanta a shagona, kuma ban taɓa tambayar kakana shanun nan biyu a wace kasuwa ya sayar da su ba.