Sana'ar kama wuri tun kafin a ɗaure kaya

Ofishinmu ƙarami ne, mu uku ne kacal: ni, da ƙanwata mai kula da saƙonni, da wani matashi da na damƙa wa kalanda. Ba ma sayar da tikitin jirgi, ba ruwanmu da biza. Namu aikin yana farawa ne daga ranar da matafiyi zai sauka a birnin da ya nufa. Mu ne za mu tsara masa gidan tarihin da zai shiga, da ƙarfe nawa, da kuma inda zai zauna ya ci abinci in ya fito. Da na fara, har tambayata aka riƙa yi ko wannan ma sana'a ce. Waɗanda suka taɓa tsayuwar awa uku a rana a bakin ƙofa, sannan aka ce musu tikitin yau ya ƙare, ba su taɓa yi mini wannan tambayar ba.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo da ɗansa, za su Sifaniya da iyali. Na fara lissafa masa abin da ya kamata a saya tun yanzu, sai ya ɗaga hannu.

"Ɗana, in mun je ma saya a bakin ƙofa. Kuɗi ne ba mu da shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba maganar kuɗi ba ce. Wuraren nan ƙidaya suke yi. In adadin ranar ya cika, ko nawa kuka riƙe ba za a buɗe muku ba."

Abin da mutane da yawa ba su gane ba ke nan. Manyan biranen yawon buɗe ido sun cika sun batse, don haka gidajen tarihinsu suka koma ƙayyade masu shiga. Gidan Louvre na birnin Paris, wanda ya karɓi baƙi kusan miliyan 8.7 a 2024, ya tsayar da adadinsa a mutum 30,000 a rana. Dutsen Akropolis na birnin Atina ya sa iyakar mutum 20,000 a rana tun watan Satumban 2023, kuma kowa da sa'ar shigarsa. Birnin Venis ma ɗungurungum ya fara karɓar Yuro 5 a wasu ranaku daga masu zuwa su koma a yini guda, tun 25 ga Afrilun 2024.

Saboda haka rabin aikinmu zaman jiran kalanda ne. Kowane wuri da ranar da yake sakin tikitinsa, kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Gidan tarihin Anne Frank da ke Amsterdam ba ya sayarwa a ƙofa sam, sai ta shafinsa na intanet, kuma duk Talata da ƙarfe 10 na safe agogon can yake sakin tikitin makon da zai zo bayan mako shida. Kolosiyam, tsohon filin wasan nan na birnin Rum, kwana 30 kafin ranar yake buɗe nasa. A Milan akwai zanen nan na Leonardo da Vinci da ke jikin bangon ɗakin cin abinci na wani tsohon gidan ibada, wanda ake shigar da mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni minti 15, sai a fito da su. Tikitinsa na watanni ake saki a dunƙule, kuma kafin ka ce kwabo ranakun da kowa ke so sun tafi. Ranar irin wannan saki, matashinmu yakan zauna gaban kwamfuta tun saura rabin awa, sunayen matafiya na rubuce a gefensa, katin banki a hannu, ba mai yi masa magana.

Sai ranakun hutu, waɗanda su ne suka fi kayar da mai tsara wa kansa tafiya. Louvre ba ya buɗewa ran Talata, gidan Orsay da fadar Versailles kuma Litinin suke hutawa. Gidajen tarihi na Vatican a rufe suke ran Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, kuma ban cika tura kowa ranar ba, don layin kan kai inda ido ba ya gani. Wanda zai yi kwana biyu kawai a gari, in ya faɗa kan ranar da ba daidai ba, shi ke nan.

Shi ya sa nake roƙon mutane su zo mana tun kafin su tsayar da ranar jirgi. Tun ran gini ran zane. Mukan tambaya: a duk tafiyar nan, wane wuri ne in ba ku shiga ba za ku ji kamar ba ku je ba? Shi muke fara kamawa, sauran abubuwa su biyo bayansa. Ga dattijon nan, amsar ita ce Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Granada.

Ina ƙaunar wurin nan, kuma shi ne ya fi ba ni aiki. Tikitinsa na ɗauke da sunan mai shiga da lambar fasfonsa, ana kuma dubawa, don haka harafi ɗaya in ya kuskure matsala ce. Mukan sa a turo mana hoton shafin fasfo, ba ma yarda a karanto mana suna ta waya. Sannan a jikin tikitin akwai sa'a guda da aka buga, wadda mutane kan ɗauka lokacin shiga harabar ce, alhali lokacin shiga fadojin sarakunan Banu Nasr ne, inda aka zana "Wa la galiba illallah" a bango sau ba adadi, inda kuma farfajiyar zakunan nan goma sha biyu take. Harabar faɗi gare ta. Mutum na iya shagala a lambunan Generalife, ya duba agogo ya ga saura minti biyar, ga tafiya a gabansa, in kuma ya makara ba za a bar shi ya shiga ba. A takardar da muke ba matafiyi, wannan sa'ar da jan biro nake zagaye ta.

Dillalan intanet kuwa, magana ɗaya ce. Akwai shafukan da ke kwaikwayon na ainihi, su ninka kuɗi, wani lokaci ma abin da suke bayarwa takardar alkawari ce da sai an je an canza ta da tikiti. Mu daga shafin gidan tarihin kansa muke saye. In ya ƙare, mukan nemi rangadi da ɗan jagora mai lasisi, mu gaya wa mai tafiya gaskiyar ƙarin kuɗin.

Gidajen cin abinci nasu salon daban ne. Ba kowane cin abinci ne ke bukatar kama tebur ba, kuma ba na son in ɗaure mutum da alkawari safe, rana da dare. Na dare nake kamawa, musamman Juma'a da Asabar, ko in mutanen sun haura shida, don ƙananan gidajen da abincinsu ya fi daɗi teburansu ba su da yawa. Sai an san agogon gari kuma. A Sifaniya ba a cika zama cin abincin dare kafin ƙarfe tara ba, a Italiya gidaje da yawa kan rufe bayan na rana sai wajen bakwai ko bakwai da rabi, kuma a watan Agusta masu gidajen abinci da dama a Paris da Rum kan kulle su tafi hutu. Wasu ta manhaja irin TheFork ko OpenTable ake kama su, wasu sai ƙanwata ta buga waya. Da yawa yanzu suna neman lambar kati a matsayin kafin alƙalami, in ba ka zo ba kuma ba ka sanar ba su cire wani abu. Ban ga laifinsu ba, tebur da ya kwana babu kowa asara ce ga mai ƙaramar sana'a irina. A nan ne kuma muke rubuta musu abin da baƙonmu ba ya ci, da ko akwai jariri ko keken guragu.

Kuskuren da ya fi koya mini aiki nawa ne. A shekarata ta farko na tsara wa wasu iyali yini guda a wani birni: gidan tarihi da safe, tebur ƙarfe ɗaya, wani gidan tarihin ƙarfe uku. A taswira tafiyar minti ashirin ce tsakani. Ban tambayi shekarun kowa ba. Ashe akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa a cikinsu, hanyar kuma hawa ce kan duwatsu. Suka rasa teburin, aka cire musu kuɗi, suka isa wuri na biyu a jigace, tsohuwar ta zauna a benci a waje ba ta shiga ba. 'Yarta ta kira ni da yamma, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, Mama don wannan wurin ta zo." Na mayar musu da kuɗin aikina, amma har yau maganar tana raina.

Tun daga ranar, babban wuri ɗaya nake sa wa a yini, in bar aƙalla awa biyu tsakanin fitowa da zama a tebur, ba na kuma sa komai mai ƙayyadadden lokaci a ranar sauka daga jirgi. Na ƙara layi a saman takardar da kowa ke cikewa, kafin ma sunan birni: wa ya fi kowa shekaru a cikinku, kuma tsayuwar minti nawa yake iya yi? Ɗan dattijon ya rubuta shekara 74, minti goma sha biyar. Na kama musu Alhamra da safe kafin rana ta yi zafi, washegari kuma na bar ta fili.